An Gwada, An Samu

Tiyon da Ɗanbaba ya daki jikata da shi nawa ne. Baƙar roba ce mai tauri, irin wadda muke lanƙwasawa a bakin kanal ta janyo ruwa zuwa fangalin albasa. Ni na jingine shi a ƙofar ɗakina da hannuna, ɗan da na haifa ya zo ya ɗauka ya fasa wa 'yarsa kunne da shi. Duk wanda ya ce miku Gwaggo Asta ta haukace ta je ta daki malamin makaranta, ku ce masa haka ne, na daka, amma ya fara ba ku labarin daga kan tiyon.

Marwa shekararta goma sha huɗu. Uwarta ta rasu tana goye, a ɗakina ta tashi, tabarmarmu ɗaya. Tana aji biyu a ƙaramar sakandaren garinmu. Ran Litinin ta dawo tana dariya, ta ce ma'aikatan lafiya sun zo makaranta da mota, sun ɗora su kan sikeli, sun leƙa musu ido da baki, sannan suka raba wa kowa ɗan kofin roba wai ya je ya yi fitsari ya kawo. Ta ce wani a ajinsu ya rasa abin da zai yi, ya roƙi abokinsa ya sam masa. Na yi dariya, na ce gwamnati ta rasa abin karɓa a hannun talaka sai fitsari. Daga nan ban sake tuna zancen ba.

Ran Laraba bayan azahar ina dawowa daga gona da ganyen albasa a ka, tun daga bakin rijiya na jiyo kuka. Ba kukan yaron da aka tsawata wa ba ne, irin na akuyar da aka danne ne. Mata sun taru a ƙofar gidanmu, ba wadda ta shiga. Na ture su na wuce.

Marwa na kwance a gindin turmi, hijabin makaranta ya naɗe mata a wuya, Ɗanbaba ya take mata ƙafa ɗaya da takalminsa na roba mai taɓo, yana zabga mata tiyo ta ko'ina. Baya, cinya, hannu, duk inda ya samu. A gabana ya sauke mata ɗaya a gefen kai. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Yarinyar ta daina kuka, ta buɗe baki kawai, jini ya gangaro daga kunnenta na hagu.

Ban san lokacin da na yar da kayan kaina ba. Taɓarya na ɗauka na sauke masa a gadon baya. Ya juyo da tiyon a sama, ya ga ni ce, hannun ya tsaya. Na ƙara masa a ƙwauri ya durƙusa. Sunan surukina gare shi, shi ya sa muke ce masa Ɗanbaba, shekara arba'in da biyu ban taɓa kama sunan nan da bakina ba. Ranar na kama.

"Salisu, sake ɗaga hannun nan in karya shi."

Na zage shi, na zagi uwarsa, ina sane da cewa ni ce uwar.

Yana haki yana hawaye, ya ce in tambaye ta abin da ta jawo mana. Ya ce yana cikin loda kwandunan tumatir a bakin titi wani direba ya dafa shi ya ce Allah ya ba shi haƙuri, 'ya'yan yanzu sai addu'a. Ya tambayi abin da ya faru, maza suka sunkuyar da kai. Da ƙyar wani ya faɗa masa cewa an gwada fitsarin 'yan makaranta, a cikin 'yan mata duka Marwa kaɗai aka samu, malami ya kira sunanta a layin safe gaban kowa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Duk matar da ke garin nan abu ɗaya ta sani game da gwajin fitsari. Mace ta je asibiti, a ba ta kofi, ta dawo a ce mata an samu, kowa ya san abin da aka samu. Ni ma iyakar sanina ke nan. Na tsaya da taɓarya a hannu ina kallon cikin yarinyar da na goya, Allah ya yafe mini wannan kallon. Sai hankalina ya dawo. Ɗakinmu ɗaya, kwana tara ke nan da ta yi wanka ta koma salla, ni na ɗora mata ruwan.

Na ɗago ta. Ba ta iya tsayuwa, sai tangaɗi take kamar wadda aka juya. Ta zaro wani farin kati daga aljihun siket ta miƙo mini, duk ya cukurkuɗe. Ta ce, "Gwaggo, ko a gida bai bari na nuna masa ba." Na juya katin sama na juya ƙasa. Ban yi boko ba. Abin da na iya gani jan gicciye ne da aka yi da biro a gefe.

Na tare adaidaita sahu, na rungume ta har asibiti a Kura. Likita ya haska kunnen da 'yar fitila, ya ce dodon kunnen ya fashe, za a ba da magani a jira, wataƙila ji ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan. Ya tambayi wanda ya yi mata haka. Na ce ubanta. Ya ci gaba da rubutu.

A ƙofar ɗakin gwaji na ga Sunday. Ɗan ƙauyen da ke bayan namu ne, uwarsa mun yi dashen shinkafa tare tun kafin ta fara zuwa coci. Marwa ta raɗa mini cewa yana cikin waɗanda suka je makarantar. Na cafki hannun rigarsa na tura masa katin a fuska, na ce ya karanta mini abin da suka rubuta har aka kusa kashe mini yarinya.

Ya duba katin, ya dubi Marwa, ya cire tabarau.

"Mama, tsargiya ce. Jini ne a fitsarinta, shi muka je nema. Ba abin da muka gwada sai shi."

Na ce ƙarya yake, tsargiya ta maza ce. Ya ce tsutsar ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba, a jikin katantanwar kanal take, duk wanda ya tsaya cikin ruwan sai ta huda fatarsa ta shiga. Ya ce a makarantar nan yara maza sittin da wani abu aka samu, an ba malamai katuna su ba yara su kai gida, ran Litinin mai zuwa za su koma da magani. Sannan ya tambaye ni ko Marwa na shiga ruwa.

Na zauna a kan benci. Sauran 'yan matan garinmu ba sa shiga kanal, rijiya suke zuwa. Marwa kaɗai ke shiga, domin tun da gwiwata ta fara ciwo ita ke sauka cikin ruwan har cinya ta cika mini tiyo, ta toshe bakinsa da tafin hannu, ta jefa shi cikin fangali. Shekara uku tana yi mini haka duk ranar da aka sako mana ruwa. Ni na aike ta. Kuma Ɗanbaban nan da ya dake ta, yana ɗan shekara goma sha biyu ya zo mini da kuka wai yana fitsarin jini, na yi masa dariya na ce ya zama namiji, na dafa masa ƙwai biyu. Haka muka taso muka ji, jan fitsari a wurin yaro girma ne.

Na ɗauka magana ta ƙare tunda na ji gaskiya daga bakin mai gwajin. Muka koma gida, na tsaya a ƙofa na faɗa wa matan da na tarar. Suka ce to, Allah ya sawwaƙe. Kafin magariba zancen ya dawo mini da sabuwar riga: wai Gwaggo Asta ta ruga da yarinya asibitin Kura an wanke mata cikin, shi ya sa ta dawo tana tangaɗi. Na bi sawun maganar gida gida har na kai ta inda ta fito, wurin Sa'a mai turara shinkafa. 'Yarta Rukayya ajinsu ɗaya da Marwa, ita ta kawo mata kalmomin malami daga makaranta, Sa'a kuma ta zuba su a kunnen matan da suka zo ɗaukar shinkafa. Na same ta tana iza wuta a gindin tukunya. Ta ce ita ba ta ƙara ko gishiri ba, abin da malami ya faɗa ta faɗa. Na shure buhun shinkafar da ke kusa da ni ya kife a toka, na kama ɗankwalinta har da gashin na jijjiga ta. Ta yakushe ni a wuya, ga tabon nan har yau. Da ƙyar aka raba mu. Ina fita na ji wata na cewa da ba gaskiya ba ce ai da ban yi zafi haka ba.

Washegari da safe na ɗauki tiyon, da busasshen jinin a jikinsa, na nufi makaranta. Na tambayi wata yarinya wane ne Malam Yusha'u, wanda aka ce shi ya kira sunan Marwa a layi, ta nuna mini aji. Wani siririn saurayi ne mai agogo, yana rubutu a allo. Na shiga na tambaye shi me ya faɗa a kan Marwa ran Laraba. Ya ce Iya ki jira a waje, ana darasi. Na ce ya maimaita mini kalma kalma. Ya yi ɗan murmushi ya ce ai ba wani abu ba ne, sunayen mazan ya karanta, yara suna ta shewa, da ya zo ƙarshe ya ce, Marwa Salisu, ke kaɗai ce a mata, an gwada an samu, sai ki je ki yi wa iyayenki bayani. Ya ce wasa ne ya ɗan haɗa da shi don yara su saki jiki.

A kan murmushin nan na fara sauke masa tiyon. Ya kare da hannu, agogon ya tarwatse. Na ƙara masa a kafaɗa, na ƙara a wuya, ya ja baya ya yi karo da tebur ya faɗi, na bi shi ƙasa. Yara suka watse ta taga. Ina dukansa ina tambayarsa sunan ciwon, me ya hana bakinsa faɗin sunan ciwon, kalma ɗaya ce. Malamai uku suka riƙe ni. Na ciji ɗaya a hannu.

A ofis hedimasta ya fara da barazana, wai zai kira 'yan sanda. Na ce ya kira, in sun zo su biya ta gidanmu su leƙa kunnen yarinya, sannan su tambaye shi wa ya ba malaminsa izinin karanta sirrin asibiti a fili kamar sanarwar ɗaurin aure. Ya yi laushi. Ya ce an yi kuskure, Malam Yusha'u baƙo ne daga birni, bai san yadda kalma ke tafiya a ƙauye ba. Ya ce za a ba ni haƙuri a nan ofis, a rubuta mini takarda da hatimi cewa tsargiya ce, in kai wa mahaifinta. Na tambaye shi mata nawa ne a layinmu suke karanta hatimi. Na ce a filin da aka ɓata sunanta, a nan za a wanke shi, da bakin da ya ɓata shi. Ya ce sai ya yi shawara.

Kwana huɗu Marwa ba ta leƙa tsakar gida ba sai in za ta kewaya. Bayanta duk ya tashi layi layi, ina shafa mata man kaɗanya tana cije ɗankwali. In na yi magana ta gefen hagu ba ta juyowa. Ta ce mini ba za ta sake komawa makaranta ba, in kai ta wurin dangin uwarta a Madobi inda ba wanda ya san ta. Na ce in ta tafi, maganar ta zauna ke nan har ta tsufa, har 'ya'yanta. Ɗanbaba yakan zo ƙofar ɗaki ya tsuguna ya ce Inna, in juya masa baya. Na faɗa masa abin da Sunday ya ce, ya yarda, ya yi kuka, amma da na ce ya je majalisar maza ya faɗa da bakinsa sai ya ce kunya ba za ta bar shi ba. Na ce kunyar ba ta hana shi ɗaga tiyo ba.

A kwanakin nan na gane ko Malam Yusha'u ya hau kan rufin makaranta ya ce tsargiya ce, za a ce an rufa asiri ne. Mutanen garinmu ba su taɓa jin mace da tsargiya ba. Kuma akwai abin da ni kaɗai na sani. Shekara da shekaru in na tsuguna, ƙarshen fitsarina ja yake fitowa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, na ɗauka tsufa ne. Ni da na yi shekara arba'in ƙafata cikin kanal.

Ran Litinin na dama wa Marwa kunu mai kauri, domin Sunday ya ce ba a shan maganin da yunwa. Na ce ta sa kayan makaranta. Ta ƙi, na sa mata da ƙarfi tana kuka. Na aika wa Ɗanbaba cewa in bai biyo mu ba kada ya tsaya a kan gawata. Muka bi ta tsakiyar gari, ina riƙe da hannunta, tiyon a ɗaya hannun. Ban gayyaci kowa ba, tiyon ya gayyato su. Kafin mu isa makaranta rabin matan garin na bayanmu, har da Sa'a, sun zo kallon wanda zan daka yau.

Motar ma'aikatan na gindin darbejiya, sun kafa tebur da wata doguwar sanda mai zane da suke auna tsayin yaro kafin su ƙirga masa ƙwaya. Yara na kan layi. Malam Yusha'u na can baya da filasta a wuya. Na wuce kai tsaye wurin Sunday na ce ya ba ni kofi. Ya ce Mama na yara ne. Na ce ya ba ni. Ya dube ni, ya miƙo.

Na zagaya bayan aji, na dawo da kofin a hannu a buɗe, na bi ta gaban malamai da hedimasta na ajiye a kan tebur. Kowa ya miƙo wuya. Sunday ya tsoma wani ɗan tsinken takarda ya ɗaga sama. Muna kallo kan tsinken ya rine. Ya ce akwai, da yawa ma. Na ce ya rubuta mini kati da jan gicciyen nan irin na Marwa. Ya rubuta.

Na ɗauki katin na nufi Malam Yusha'u. Ya fara ja da baya, na jefar da tiyon ƙasa don ya tsaya. Na sa masa katin a hannu na ce ya fito gaban layi ya karanta yadda ya karanta na jikata, kada ya rage, kada ya ƙara. Ya dubi hedimasta, hedimasta ya dubi ƙasa. Ya fito ya karanta.

"Asta... an gwada, an samu."

Na ce ban ji ba, tsohuwa ce ni. Ya ɗaga murya ya maimaita.

Na juya wajen matan. Na ce, "Kun ji. Shekarata sittin da bakwai, mijina ya shekara goma sha ɗaya a kabari, haƙorana shida suka rage. An gwada an samu. Sa'a, ke da kika san komai, faɗa musu wa ya yi mini cikin."

Wani malami ne ya fara tuntsurewa, sai yara, sai filin gaba ɗaya. Sa'a ta ja mayafi ta rufe baki. Ni ban yi dariya ba. Na jira suka lafa, na ce wa Malam Yusha'u yanzu ya faɗi sunan ciwon, ya haɗa da sunan yarinyar. Ya ce Marwa Salisu tsargiya ce ke damunta, irin ta sauran yara, daga ruwan kanal, shi ne ya yi kuskuren da bai faɗa ba tun farko. Na sa ya faɗa sau uku. Sunday ya ɗaga kwalin kofuna ya ce duk matar da ke wanki ko wanke shinkafa a kanal ta zo ta karɓa. Ba wadda ta motsa, sai wata tsohuwa sa'ata ta fito tana gyara zani, wata ta biyo ta. Na ɗauki kofi ɗaya na kai wa Sa'a har inda take na danna mata a tafin hannu.

Ɗanbaba na tsaye a bakin shinge. Ya tako ya tsuguna a gaban 'yarsa, a gaban mutane, ya yi mata magana ƙasa ƙasa. Ta gefen hagu ya tsuguna. Marwa na kallon sandar awo, ba ta san ma yana magana ba. Ya ɗago ya dube ni, na ce ya zagaya ɗaya gefen, wannan ya riga ya rufe shi da hannunsa.

Bai zagaya ba, ya kasa tashi. Aka kira sunanta, ta je ta jingina da sandar, aka ƙirga mata ƙwaya uku ta haɗiye da ruwa. Aka auna ni ni ma, aka ba ni nawa, masu ɗaci kamar maɗaci. Da ta dawo kusa da ni sai ta juyo mini kunnen dama ta ce, "Gwaggo, me malam ya ce? Hayaniya ta yi yawa, ban ji ba."

Na kamo Malam Yusha'u ta hannun riga, na jawo shi gefenta na dama, na ce ya sake faɗa.